Yadda Ake Haɗa Makarɓin Haske Mai Lezar Gida a Kan Tebur, a Gwada Shi da DP-QPSK

Makarɓin haske na gargajiya ƙarfin haske kawai yake gani: an kunna, an kashe. Wanda za mu haɗa a nan yana gauraya hasken da ya zo ta faiba da hasken wata leza da ke cikinsa, wadda zan riƙa kira lezar gida. Daga gaurayen nan ake fitar da ƙarfin igiyar hasken, da kusurwarta, da fuskar da take kaɗawa. An yi bincike sosai a kan wannan hanya a shekarun 1980, sai amfilifayar EDFA, mai ƙara wa haske ƙarfi a cikin faiba, ta zo ta sa aka jingine ta. Ta dawo ne da aka samu na'urorin lissafi masu saurin gaske, har kamfanin Nortel ya fito da tsarin gigabit 40 a 2008. Yau kusan duk doguwar hanyar faiba da ita take aiki, har da wayoyin ƙarƙashin teku irin Equiano da ta iso Legas a 2022.

Misalin da zan bi shi ne sigina mai alama biliyan 28 a daƙiƙa, wato Gbaud 28, a fuska biyu, X da Y, kowace alama ɗauke da bit biyu ta hanyar zama a ɗaya daga kusurwa huɗu na igiyar. Wannan tsari ne ake kira DP-QPSK. Jimilla gigabit 112 ke nan a daƙiƙa, a kan haske mai tsawon igiya kusan nanomita 1550. Na sha haɗa irin wannan, kuma abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne: yawancin matsalar da za ka ɗora wa lissafi, a kan tebur take, a bakin faiba ko a tsawon waya.

KAYAN AIKI

Leza biyu masu ƙunƙuntaccen layi, wato firikwensinsu ba ya rawa sosai, kamar kilohaz 100, irin ITLA da ake iya sauya wa firikwensi. Ɗaya ta mai aikawa, ɗaya ta gida. Ta gidan ta iya ba da dBm 13 zuwa 16 (dBm awon ƙarfin haske ne).

Ƙunshin makarɓi na ICR. A cikinsa akwai marabar fuskar haske, da mahaɗar digiri 90 guda biyu, da fotodayod takwas a jere bibbiyu masu mayar da haske wutar lantarki, da amfilifayar TIA huɗu masu ƙarfafa wutar da fotodayod suka fitar.

Osiloskof mai ɗaukar sigina kai tsaye, mai ƙofa huɗu, faɗinsa ya kai gigahaz 20 ko fiye, yana ɗaukar samfur aƙalla biliyan 56 a daƙiƙa a kowace ƙofa.

Wayoyin koyaks huɗu masu tsawo ɗaya, masu kai 2.92 mm, da sufanar ɗaure su mai auna ƙarfi.

Ma'aunin ƙarfin haske, da marage-haske na VOA guda biyu, da na'urar OSA mai nuna ƙarfin haske a kowane tsawon igiya, da EDFA, da matace-haske, da majuyin fuskar haske mai fikafikai uku.

Igiyar faiba ta PM, mai riƙe fuskar haske kada ta juya, don lezar gida, da ta yau da kullum don sigina.

Madubin duba bakin faiba, da alƙalamin goge shi, da abin ɗaurawa a hannu na sauke cajin jiki.

Kwamfuta mai Python ko MATLAB, da UPS mai kyau. Leza na son ta ɗumama ta zauna, kuma ɗaukewar wuta sau ɗaya na mayar da kai farkon awo.

MATAKI NA 1: YI LISSAFIN HASKE KAFIN KA TAƁA KOMAI

Ga ɗan ilimin da kake buƙata. Idan haske biyu suka haɗu a kan fotodayod, wutar da ke fitowa kashi uku ce: ta lezar gida, ta sigina, da ta gaurayensu. Ta ukun ita ce abin nema, kuma girmanta na bin tushen murabba'in ƙarfin sigina sau ƙarfin lezar gida. Ana jera fotodayod bibbiyu ne a debe wutar ɗaya daga ta ɗayan, sai kashi biyun farko su soke juna, na ukun ya ninku.

Mu sa alƙaluma. Fotodayod na InGaAs shi kaɗai yana ba da kusan amfiya 0.8 zuwa 1 a kowane wat. Amma a cikin ICR hasken na rabuwa gida biyu saboda fuska, sannan gida huɗu a mahaɗa, ga kuma asarar hanya. Abin da ke isa kowane fotodayod bai wuce ɗaya cikin takwas ba. Mu ɗauka naka yana ba da 0.07 a kowane wat; ka duba takardarsa don ainihin adadin. Lezar gida mai dBm 13, wato miliwat 20, za ta ba da miliamfiya 1.4 a kowane fotodayod. Sigina mai dBm −10 zai ba da mikro'amfiya 7 kacal. Gaurayensu bayan an debe kuwa zai kai ƙololuwar kusan miliamfiya 0.4. Ka ga ƙaramin sigina ya hau bayan lezar gida ya ninku fiye da sau hamsin.

Abu na biyu shi ne hayaniya. Ana so hayaniyar da hasken lezar gida ke haifarwa a fotodayod ta rinjayi ta amfilifayar TIA. A misalinmu, miliamfiya 2.8 na fotodayod biyu na ba da kusan piko'amfiya 30 a kan tushen haz. In ta TIA ɗinka ta gaza haka, kana kan hanya. In ka rage lezar gida ƙwarai, TIA ce za ta mamaye. In ka ƙure ta, hayaniyar ƙarfin lezar kanta za ta ɓullo ta duk inda fotodayod biyun ba su daidaita ba, kuma kana iya wuce iyakar da aka rubuta wa ƙunshin. Rubuta wannan iyaka a takarda ka manna a jikin tebur.

MATAKI NA 2: TSAFTA DA KARIYA

Hasken nanomita 1550 ido ba ya ganinsa, amma yana lahani. Kada ka taɓa leƙa bakin faiba da ido, kuma ka kashe leza kafin ka sa madubi.

Tsakiyar faiba inda haske ke bi kusan mikromita 9 ce. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta rufe wani ɓangarenta. Ka'idar ita ce a duba, a goge, a sake dubawa, sannan a haɗa, kuma bangarorin biyu duka, har da na cikin soket. Lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, faibar da ka cire wa hula ka ajiye minti biyu sai an sake goge ta. Na taɓa haɗa fitar EDFA mai ƙarfi da bakin da ban duba ba. Da na sa madubi daga baya sai ga baƙin tabo a tsakiyar gilashin, ƙurar ta ƙone ta manne, ta kuma lalata bakin ɗaya ɓangaren da ya taɓa ta. Irin wannan ba ya goguwa, sai dai a yanke a sa sabon kai.

Duba launin kai. Kore APC ne, an goge shi a karkace da digiri 8. Shuɗi UPC ne. Kada ka haɗa kore da shuɗi: haske zai ragu, wani zai koma baya cikin leza, gilashin ma na iya ƙwarzanewa.

Busasshiyar iskar hunturu kuma na tara caji a jiki. Wannan ɗan tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙofar ƙarfe ya isa ya kashe TIA. Ɗaura abin hannu kafin ka taɓa ƙunshin.

MATAKI NA 3: HAƊA LEZAR GIDA, KA KARANTA WUTAR FOTODAYOD TAKWAS

Kunna wutar ƙunshin bisa jerin da takardarsa ta ce. Galibi ana fara ba fotodayod wutarsu kafin TIA, kuma haske ne na ƙarshe.

Auna ƙarfin lezar gida da ma'auni kafin ka haɗa. Ka haɗa ta da igiyar PM, ɗan maƙullin da ke jikin kan ya shiga raminsa daidai, domin a kan layinsa aka daidaita fuskar hasken. In ka sa igiya ta yau da kullum a nan, fuskar za ta riƙa juyawa duk lokacin da igiyar ta motsa, sai ka ga X na ƙaruwa Y na raguwa ba dalili.

Fara da ƙaramin ƙarfi, ƙofar sigina a rufe. Karanta wutar kowane fotodayod. Takwas ɗin su zo kusa da juna. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kowane biyu da ke aiki tare su yi kusan daidai, don daga nan ake samun soke hayaniya. Ana so sokewar ta kai dB 20 ko fiye. In X huɗun sun fi Y huɗun da yawa, koma kan igiyar PM. Matsa igiyar a hankali da yatsa: in alƙaluman suka yi rawa sosai, fuskar ba ta shiga daidai ba. Daga nan sai ka ɗaga ƙarfi zuwa inda ka lissafa.

MATAKI NA 4: GWAJI DA LEZA BIYU TSURA

Wannan shi ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne amfani. Kada ka sa bayanai tukuna. Shigar da hasken lezar aikawa tsura a ƙofar sigina, kamar dBm −15, ka juya majuyi har X da Y su samu rabo ɗaya. Saita lezar gida ta bambanta da ita da gigahaz 1.

A osiloskof za ka ga igiya mai santsi ta gigahaz 1 a ƙofofi huɗun: XI, XQ, YI, YQ. I da Q ɓangarori biyu ne na igiyar a kowace fuska, masu tazarar digiri 90. Zana XI a kwance, XQ a tsaye. In komai lafiya, da'ira za ta fito. In ta zama kamar ƙwai a kwance ko a tsaye, girman I da Q bai zo ɗaya ba. In ƙwan ya karkace, kusurwar da ke tsakaninsu ba digiri 90 ba ce.

Yanzu matsar da lezar gida mataki-mataki: gigahaz 2, 5, 10, 15, 20, ta sama da ta ƙasa. A kowane wuri rubuta girman igiyar da kusurwar da ke tsakanin I da Q. Girman zai nuna maka inda makarɓin ya fara gajiya. Kusurwar kuwa, in ka zana ta a kan firikwensi, miƙaƙƙen layi za ta ba ka. A inda firikwensi yake sifili, tazarar layin daga digiri 90 ita ce kuskuren mahaɗar kanta. Gangarensa shi ne saɓanin lokaci tsakanin I da Q: pikodaƙiƙa 1 na ba da digiri 3.6 a gigahaz 10.

Me ya sa na dage a kan wannan? A Gbaud 28, alama ɗaya pikodaƙiƙa 35.7 ce. A cikin faiba ko koyaks, milimita ɗaya na cin kusan pikodaƙiƙa 5. Ke nan wayar da ta fi 'yar'uwarta da milimita 3 ta kusa cinye rabin alama. Akwai lokacin da na shafe kusan mako biyu ina sauya lissafi, ina ƙara tsawon matatar da ke cikin lissafin, ina rage ta, ɗigon da ke nuna alamomin X a allo suna fitowa tsaf na Y kuwa kamar an watsa gero. Ashe a ƙofar YQ wani ya ƙara ɗan adafta ɗaya da ba ya kan sauran ukun. Da na yi wannan gwaji tun farko, da rabin awa ta ishe ni.

Ɗaure kawunan 2.92 mm da sufana a kan 0.9 N·m, kana juya goron kawai, jikin wayar na tsaye. Bayan ka auna saɓanin, manne wayoyin a tebur, ka sa wa kowace alama, kada a sake musanya su.

MATAKI NA 5: SHIGAR DA SIGINA, BA TARE DA DOGUWAR FAIBA BA

Haɗa mai aikawa da makarɓi kai tsaye, VOA kawai a tsakani. Yi amfani da jerin bit na gwaji PRBS15, mai maimaita kansa bayan bit 32,767, ka tabbatar rassan huɗun, XI, XQ, YI da YQ, an jinkirta su da juna don kada su zama abu ɗaya.

Kawo lezar gida kusa da ta aikawa. A OSA, nanomita 0.1 daidai yake da gigahaz 12.5, don haka OSA na kai ka kusa ne kawai; ƙarasawa sai da kallon siginar lantarki. Yi ƙoƙari bambancin ya gaza gigahaz 1.

Saita osiloskof yadda igiyar za ta cika yawancin allo ba tare da ta bugi sama ko ƙasa ba. Waɗannan na'urori a irin wannan sauri bit biyar zuwa shida ne na gaskiya suke bayarwa, in ka bar sigina ƙarami a tsakiyar allo ka zubar da rabinsu. Ka kuma sani cewa bayan doguwar faiba ƙololuwar igiyar na ƙaruwa, sai an sake saitawa. Ɗauki samfur miliyan biyu zuwa huɗu a kowace ƙofa, duka huɗun a lokaci guda.

MATAKI NA 6: LISSAFI, BI DA BI

Jerin nan ba a juya shi yadda aka ga dama.

a. Cire matsakaici daga kowace ƙofa, gyara saɓanin lokacin da ka auna, sannan ka daidaita girma da kusurwar I da Q ta hanyar Gram-Schmidt. Dole wannan ya riga gyaran bazuwar launi (miƙewar da alama ke yi a faiba saboda launukan haske ba sa tafiya da sauri ɗaya), domin gyaran bazuwa na cakuɗa I da Q, in kuskuren ya shiga ciki fitar da shi ya yi wuya.

b. Mayar da samfur ya zama biyu a kowace alama.

c. Gyara bazuwar launi. Faibar G.652, wato faibar sadarwa ta yau da kullum, na baza haske da kusan pikodaƙiƙa 17 a kowane nanomita a kowace kilomita. A kilomita 80, siginarmu mai faɗin kusan nanomita 0.22 zai bazu kan alama takwas zuwa tara. A kilomita 1000 ya haura alama ɗari. Ana gyarawa da FFT, lissafin da ke rarraba sigina bisa firikwensi, a ninka da kishiyar abin da faibar ta yi. A gwajin kai tsaye sa sifili. In ka sa faiba ka ga gyaran ya ƙara ɓata lamarin, juya alamar lissafin daga tarawa zuwa debewa. Musanya I da Q a waya na haifar da haka.

d. Nemo agogon alama, wato daidai lokacin da za a karanta kowace alama. Hanyar Gardner ta 1986 na aiki da samfur biyu a alama.

e. Raba X da Y da matata huɗu a gicciye, ana koyar da su da CMA, dabarar da Godard ya wallafa a 1980. Hikimarta ita ce duk ɗigon QPSK nisansu ɗaya daga tsakiya, sai a yi ta gyara matatar har fitarta ta zauna a kan zobe guda. Fara da haƙora 15 ko kusa, wato alƙaluman da matatar ke ninka samfur da su, na tsakiya ɗaya, sauran sifili, da ƙaramin taki. Hattara da sanannen tarkonta: fita biyun na iya kamo fuska ɗaya, ka ga zobe biyu masu kyau alhali bayanan X ne sau biyu. Gwada kamannin fita biyun da juna. Maganinsa shi ne a bar X ta zauna tukuna, sannan a gina farkon matatar Y daga nata yadda za su zama kishiyoyi.

f. Cire bambancin firikwensi. Ɗaga kowace alama zuwa ƙarfi na huɗu, bayanan QPSK za su ɓace, sai juyawar ta rage. FFT zai nuna ta a matsayin tsini ɗaya, ka raba da huɗu. Iyakar wannan hanya ɗaya cikin takwas na saurin alama ne, wato gigahaz 3.5 ta kowane gefe a nan.

g. Bi kusurwar leza da hanyar Viterbi da Viterbi ta 1983: ƙarfi na huɗu kuma, a ɗauki matsakaicin alamomi maƙwabta. Yawan alamomin da ake ɗauka shi ne taga. Taga gajera na barin hayaniya, doguwa ba ta bin rawar leza. Gwada daga 15 zuwa 60 ka zaɓi mai ba da kuskure mafi ƙanƙanta. Kada ka manta warware tsallen kusurwa, in ba haka ba taswirar ɗigon za ta riƙa juyawa da digiri 90 a tsakiyar bayanai.

A nan zoben zai rabe ya zama ɗigo huɗu. Ranar da na fara ganin haka a allo na daɗe ina kallo kafin na ci gaba.

MATAKI NA 7: ƘIRGA KUSKURE, KA GWADA DA ABIN DA LISSAFI YA CE

Kyawun ɗigo ba hujja ba ce, ƙirge ne hujja. Zubar da alamomin farko da matata ke koyo a kansu. Daidaita sauran da PRBS, ka gwada juyi huɗun da taswirar ke iya zama a kai, da kuma musanyar X da Y. Ka tara kuskure aƙalla ɗari kafin ka yarda da adadi.

Sai ka ƙara hayaniya da gangan: EDFA da ba a ba ta sigina ba, ta bi ta matace-haske da VOA na biyu, a gauraya da sigina. Auna OSNR, wato ƙarfin sigina a kan na hayaniyar haske, a faɗin nanomita 0.1, kana riƙe ƙarfin da ke shiga makarɓi a wuri ɗaya, ka zana layin adadin kuskure a kan OSNR. A lissafi, DP-QPSK mai Gbaud 28 na buƙatar kusan dB 13.3 don kuskure ɗaya cikin dubu, da kusan dB 12 don 3.8 cikin dubu, iyakar da aka saba amfani da ita ga FEC, dabarar gyara kuskure da ƙarin bit, mai ƙarin kashi 7 cikin ɗari. In kana cikin dB ɗaya zuwa biyu daga nan, aikinka ya yi kyau. In layin ya miƙe a kwance ya ƙi sauka duk yadda ka rage hayaniya, akwai abin da ya rage a tebur: saɓanin lokaci, TIA da ta cika, osiloskof da ke yanke ƙololuwa, ko mai aikawa da ba a saita ba. Kwatanta rassan huɗun ɗaya-ɗaya, wanda ya fi muni zai nuna maka wayar da za ka bi. Sai wannan layi ya yi kyau sannan ka sa faibar kilomita 80.

IN WANI ABU YA GAZA

In babu ICR, mahaɗar faiba mai rabin-da-rabi da fotodayod biyu a jere sun isa ka koyi aikin. Nisanta lezar gida da sigina fiye da rabin faɗinsa, ka ɗauki ƙofa ɗaya, ka sauko da shi tsakiya da lissafi, I da Q za su fito. Kuɗinsa shi ne kana buƙatar lantarki mai faɗi kusan ninki biyu, kuma fuska ɗaya za ka karɓa, kana daidaita ta da majuyi da hannu. Mahaɗa mai ƙofa uku-uku ma na aiki, fitarta na da tazarar digiri 120, ana haɗa I da Q daga fotodayod uku.

In osiloskof ɗinka mai 'yan gigahaz ne, sauko da saurin alama zuwa Gbaud 2 ko ƙasa. Duk matakan suna nan. Sai dai iyakar mataki na f ta koma megahaz 250, rawar leza kuma ta fi tasiri tunda kowace alama ta daɗe.

In leza ɗaya gare ka, raba haskenta, rabi ya je mai aikawa rabi ya zama na gida. Amma ka san cewa wannan na ɓoye maka matsala: bambancin firikwensi sifili ne, kuma in hanyoyin biyu sun kusa tsawo ɗaya rawar kusurwa na soke kanta. Lezar kilohaz 100 na riƙe kusurwarta na ɗaruruwan mitoci a faiba, don haka sa nadin faiba na kilomita da dama a reshe ɗaya kafin ka ce ka gwada mataki na g da gaske.

In lezar DFB ce kawai a hannu, mai faɗin layi na megahaz, QPSK a Gbaud 28 na iya jurewa in ka gajarta taga. Ga 16QAM kuwa, irin wanda tsarin gigabit 400 na 400ZR ke amfani da shi a kusan Gbaud 60, nemi ƙunƙuntacciyar leza, ka kuma sauya CMA da hanyar da ta san zobe uku, domin ɗigonsa goma sha shida ba a nisa ɗaya suke daga tsakiya ba.